Layin da Malam Issufu ya ja mini

Da safen nan ina shirin fita Hadiza ta kira ni daga Paris, ta ce babanta Malam Issufu ya rasu. Na zauna a bakin gado da takalmi ɗaya a ƙafa.

Daga Allah muke, gare shi za mu koma.

Yaran yanzu da ke latsa waya ba za su san ko wane ne shi ba. Mutumin Damagaram ne, injiniya, yana cikin waɗanda suka haɗa kwamfuta da hannunsu a Paris tun lokacin da guda ɗaya ke cika ɗaki. Da na zo Lyon karatu a farkon shekarun 1980, yana kula da kwamfutar wata masana'anta a Saint-Fons, nan kusa da Lyon. Duk ɗalibin Nijar da yunwa ta kora, gidansa yake nufa.

Kana cin tuwo yana ba ka tarihi, ko ka so ko ka ƙi. Shi ya gaya mana ƙwaƙwalwar injinan farko mata ne suka saƙa ta, suna zura waya cikin 'yan zobba ƙanana kamar ƙwayar gero. Yakan ce ba a rubuta sunansu ko'ina ba, to mu dai kada mu manta da su.

A zamaninmu ba a rubuta program, wato jerin umarnin da ake ba kwamfuta, a allo. Kati ake hudawa, kowane umarni da katinsa, ka jera su ka kai wa injin. Ɗaya ya sauya wuri, aiki ya lalace.

Na kai masa katunan aikina na ƙarshe, tuli guda, ina taƙama. Bai ko yaba ba. Ya matse su, ya ɗauki baƙin alƙalami ya ja layi a karkace a gefensu, daga wannan kusurwa zuwa waccan. Raina ya ɓaci, don ni mutum ne mai son abu fes. Ya ce haka masu aikin na farko suke yi, in tafi kawai.

Ana saura kwana kaɗan in kai aikin, ina sauka daga bas a unguwar Guillotière, robar da na ɗaure su da ita ta tsinke. Katuna suka watse a titi. Masu kanti suka fito suna taya ni tsinta, wani Balarabe har ƙarƙashin mota ya shiga. Ni kuwa hawaye nake, don in na rasa ranar da aka ba ni a injin, bursina, wato tallafin karatuna, ya yanke, sai gida hannu banza.

Na kai masa su cikin leda. Ya zube su a tebur, muka yi ta jerawa muna duban gefe, har layin nan ya koma miƙe. Inda ya karye, mun san akwai katin da ba wurinsa ba ne. Injin ya karɓi aikin tun a gwajin farko.

Bai taɓa yi mini gori ba. Ni ne dai na riƙa ja wa ɗalibaina layi har kati ya ƙare a duniya.

Bara na je gaishe shi a gidan Hadiza a La Courneuve, a gefen Paris. Tsufa ya cinye shi, bai gane ni ba, ya kira ni da sunan ƙanensa. Na ciro katunan daga jaka, don har yau ina ajiye da su, na sa masa a hannu. Ya bi layin da babban yatsa tun daga sama har ƙasa, ya ɗago ya dube ni.

"Ba wanda ya ɓata?"

Na ce, "Babu, Malam. Duk suna nan."

Ya ce, "To madalla."

Allah ya jiƙan Malam Issufu, ya gafarta masa, ya sa aljanna ce makomarsa, ya ba Hadiza da 'yan'uwanta haƙuri. Don Allah duk wanda ya karanta wannan, ko da a waya ne, ya tsaya ya yi masa addu'a.