Gurbin da Ba a Cikewa

A shekarun da intanet ta iso Zuru, ɗana na biyu ya dawo daga karatun kwamfuta, ya kama aiki a shagon wani ɗan kabilar Ibo kusa da kasuwa. Wata ƙungiyar iyalan sojoji ta sa shi ya gina mata shafi, inda iyaye za su sa lambar ɗansu da ke aikin kiyaye zaman lafiya a ƙasar waje, su ga hotonsa da labarinsa na ƙarshe.

Muna da maƙwabciya a unguwar Rikoto, Kirista ce, manomiya, autanta yana cikin waɗanda aka tura. Ranar kasuwa ta bi ɗana shagon, ni ma ina wurin domin a buga mini wata takarda. Ya sa lambar, sai allon ya yi fari fat, in ban da layin Turanci guda. Ya ce mata ba a sami shafin ba. Ta sauke kwandonta, ta zauna a ƙasa, ta ce, "Malam, an goge shi ke nan?"

Ɗana ya yi ta bayani cewa labarin yaron ne bai iso ba balle a shigar. Ba ta ji ba. Da ƙyar na raka ta gida.

Bayan la'asar ɗana ya same ni a zaure, ya ce, "Baba, zan gyara. Duk lambar da ba ta da labari, shafin zai rubuta cewa yana nan lafiya."

Na ce, "Ka gan shi?"

Ya ce, "Tausayi ne, Baba."

Na ɗauko gafakar mahaifina, na zaro wani littafin fiƙihu rubutun hannu. A tsakiyarsa akwai fili da ba tawada. Wanda ya kwafe shi ya tarar falle guda ya ɓata a asali, kuma na tabbata ya haddace abin da ke wurin, domin babi ne sananne. Duk da haka bai cike ba. Ya rubuta a gefe cewa a nan akwai gurbi, mai nema ya duba wani kwafi. Na ce wa ɗana shaida sai da gani, amma barin mutum cikin duhu ma ba amana ba ce.

Muka zauna muka tsara kalmomin da Hausa. Ya goge, na goge. Abin da ya tsaya shi ne: "Labarin mai wannan lamba bai iso mana ba tukuna. Wannan ba ya nufin wani abu ya same shi. A duba lambar, ko a tambayi sakataren ƙungiya."

Da maƙwabciyar ta dawo shagon ya karanta mata, ta sa ya maimaita, sannan ta ce, "To, wannan ya yi magana kamar mutum."

Ta ci gaba da zuwa kowace kasuwa, a karanta mata, ta ɗauki kwandonta ta tafi. Ana cikin girbin dawa shafin ya buɗe da hoton yaron cikin kakinsa. Na yi hamdala a zuciyata. Ita kuwa ta matso da fuskarta kusa da allon, ta daɗe tana dubawa, ta ce, "Malam, dubi wuyansa. Ba sa ba su tuwo a can ne?"