Gyaɗar Iya da Yaron da Aljani Ya Amayar

Duk Birnin Damagaram ba a taɓa yin jikan da kakarsa ta so kamar ni ba. Mu tara ne a gaban murhun Iya in tana suyar gyaɗa bayan magariba, amma ni take zaunarwa jikin gwiwarta. Gyaɗar da na ci a hannunta ta isa lodin raƙumi uku.

"To, tatsuniya ta iso, ku buɗe kunne," in ji ta. "Kai maigidana, buɗe baki."

Tatsuniyar ta wani yaro ce wanda kome aka ce sai ya ce, "Sai me?" Aljanin duwatsun Birni ya haɗiye shi. Daga cikin tumbi yaro ya leƙo da murya: "Sai me?" Kwana bakwai aljani bai runtsa ba. Ran na takwas ya amayar da shi, ya kwashe 'ya'yansa ya yi ƙaura zuwa Hamdara.

Ni dai jarumi na ɗauki yaron nan. Abin da ya ɗan tsaya mini a rai, yana da giɓi irin nawa. Da na faɗo daga katanga na fasa goshi, washegari shi ma ya sami tabo. Kuma in an zo wurin aman, yayyena ni suke kallo, ba Iya ba.

Shekara arba'in ina danne wannan zargi, sai bara 'yata Rabi ta dawo daga lakwal, makarantar boko, da kalmar Ingilishi, wai nuisance. Ta ce mushensu, wato malaminsu, ya ce daga Faransanci aka aro ta. Da can cutarwa take nufi, yanzu kuwa ana faɗa wa mutumin da ba ya dukanka, ba ya zaginka, amma ya hana ka sakat. Tana bayani tana satar kallona.

Na ce, "Sai me?"

Ta kwashe da dariya har littafinta ya faɗi.

Ban ci tuwo ba, na hau kabu-kabu sai unguwar Zango, gidan Yaya Hadiza, babbarmu.

"Yaya, tsakaninki da Allah, yaron aljanin nan wane ne?"

"Oho. Ni dai kafin ka iya magana ban taɓa jin tatsuniyar ba."

"Amma ai ni Iya ta fi so! Wa take ba gyaɗa da hannunta?"

Yaya ta gyara ɗankwali, ta dube ni da tausayi.

"Haba Isufu. In bakinka na cike ne kawai take samun kai tatsuniya ƙarshe."