An Naɗe Min Tsire da Littafina

Jama'a, yau an ƙona min rai a kasuwar Tsanyawa!

Kun san ina tara tsofaffin littattafan sojoji na gyaran katafila da gireda. Na sayi tsire, ina buɗe takardar sai ga zanen katafila, har da rubutuna a gefe.

Na ce wa mai tsiren, "Malam, ina ka samo wannan?"

Ya ce, "Yayanka Sale ne ya kawo min buhu guda. Wai gero zai zuba a ɗakin."

Na kira Yaya Sale. Ya ce, "Kai da ko amalanke ba ka da ita, me za ka yi da littafin katafila?"

Na koma karɓar ragowar, ashe da su aka hura wutar tsiren.