Makullin Motata a Aljihun Kawu Iro

Ina cikin awon jarirai a ƙaramin asibitinmu na Darki waya ta shigo. Yayana ne. Ya ce, "Hauwa, sai haƙuri. Kawu Iro lokaci ya yi." Na yi salati, na sauke yaron da ke kan sikeli na miƙa wa uwarsa, na fito bakin titi ina jiran motar haya kamar kullum. Ina da mota. Tana gidan Kawu, makullinta yana aljihunsa.

Ku da kuka san shi kun san yadda yake tarbar baƙo mai mota. Kafin a gama gaisuwa ya tattare riga ya durƙusa yana leƙen ƙarƙashinta. In ya ga abu ya ɗiga, sai ya dangwala da yatsa, ya murza, ya shinshina. Malamin dabbobi ne har ya yi ritaya, rabin rayuwarsa a kasuwar shanu ta Wudil ya yi ta, don haka bai taɓa ganin bambancin mota da saniya ba. Tsohuwar a-kori-kurarsa ma Nagge yake ce mata. Maganarsa kullum ita ce, "Dabba ba ta faɗar ciwonta, amma tana barin shaida a ƙasa."

Da Allah ya hore mini 'yar mota ta hannu, na kai masa ya sa albarka. Sunan mahaifiyarsa na ci, shi ya sa yake kirana Uwata.

Ya ce, "Uwata, kin iya tuƙi?"

Na ce, "Kawu, har da lasin."

"Madalla. Buɗe mini bonet."

Na shiga na ja wani abu, sai but ɗin baya ya buɗe. Na ja wani, sai murfin tankin mai. Bai yi dariya ba. Hannu ya zura ya zare makullin.

"Ke kaɗai za ki riƙa bin hanyar Darki. In ta kwanta miki a tsakiyar gonaki, lasin ne zai tashe ta? Ranar da kika san dabbarki, ki zo ki kora ta."

Na ɗauka wasa ne. Ashe karatu na shiga, duk ranar Asabar da hantsi, a ƙarƙashin darbejiyar gidansa. Ya fara ni da shaidar ƙasa: baƙi mai kauri baƙin mai ne, mai launi da ɗan ƙamshi ruwan lagireto ne, mai santsi a gefen taya kuwa man birki ne, wannan ba a motsa mota sai an gyara. Ya koya mini zaro ƙarfen gwada baƙin mai, a goge shi, a mayar, a sake zarowa, sannan a yarda da abin da ya nuna. Ya sa na wanke kan batir da ruwan zafi da tsohon buroshin haƙoransa, wanda Inna Ladi, matarsa, ta rantse ranar ya yi ritaya shi ma.

Shaidar ƙasan nan ta taɓa ba shi kunya, kuma yawancinku kuna wurin. Ranar kai amaryar ƙanina garin Indabo, an jera motoci, an saka amarya, mata na guɗa, sai Kawu ya tsaya a gaban motar amarya ya ɗaga hannu.

"Wannan ba ta zuwa ko'ina. Tana yoyo."

Direban ya fito ya leƙa. Ya ce, "Baba, ruwan AC ne."

"Ruwan me?"

"Na'urar sanyi. Haka take yi."

Kawu bai taɓa mallakar mota mai sanyi ba. Sanyin Nagge shi ne gilas ɗin da ya daɗe da daina tashi. Ya dangwali ruwan, ya shinshina, har ya ɗan taɓa a harshe. Ruwa ne zalla. Ya miƙe ya karkaɗe gwiwa, ya ce, "Ku je. Amma ni dabbar da ke gumi tana tsaye ban yarda da ita ba." Haka ya bi mu a baya da Nagge har Indabo, da igiyar jan mota a shirye.

Ranar canjin taya ce na kusa yin fushi. Na iso na tarar ƙafar baya a kwance, shi ya sace mata iska da kansa. Ya shimfiɗa tabarma yana ɓare gyaɗa. Na sa jak na ɗaga motar, na kama noti da sifana, taya ta yi ta juyawa da ni.

Inna Ladi ta leƙo. "Malam, ka gaya mata mana. Matar aure ce fa, ga zaninta duk ƙasa."

"Rabu da ita. Uwata, in za a yi wa bijimi allura, yaushe ake ɗaure shi? Bayan ya fara harbi?"

Sai na gane. Na sauke motar, na sassauta notocin tana ƙasa, har sai da na hau kan sifanar da ƙafa, sannan na sake ɗagawa. Na ɗaura safaya, na ɗaure, na sauke jak ina murna. Safayar ta lotse har ƙasa. Ita ma ya sace mata iska.

Ya jefa gyaɗa a baki. "Wa ya duba safaya kafin ya fara?"

A kan lagireto kuwa ba ya wasa. In inji da zafi, ko kusa da murfin ba ya bari na je. Akwai wani tabo a damtsensa da ya daɗe yana ce wa yara ƙahon wani sa ne. Ranar nan ya nuna mini shi yana ba da labarin san, sai Inna Ladi ta ce daga bakin murhu, "San nan dai a kan gadar Wudil ya tsaya, kuma tururi yake fitarwa." Kawu ya sauke hannun rigarsa a hankali. Ya ce, "To, kin ji. Shi ma san ba a buɗe shi da zafi."

Watanni suka wuce ina hawa motar haya, abokan aiki suna tambayata ko mota na saya ko makaranta. Maigidana ma ya je roƙo, ya dawo da labarin yadda ake duba fanbel. Ni kuwa, ban gaya wa kowa ba, na fara ɗokin zuwan Asabar.

Birki ne karatun ƙarshe. Ya ce in muka gama shi zai miƙo makulli. Mun canza man, saura fitar da iska daga kowace ƙafa, wannan kuwa aikin mutum biyu ne: ɗaya a kujerar direba yana taka birki, ɗaya a ƙasa yana kwance ɗan notin da iskar ke fita. Ni ce a ciki, shi yana ƙasa yana ba da umarni kamar mai kora shanu. "Taka. Taka. Riƙe nan. Saki." Muka bi ƙafafun har ya rage ta gaba, ɓangaren direba. Aka kira azahar. Ya daɗe kafin ya miƙe, sai da ya dafa motar.

Ya ce, "Wannan taki ce. Asabar ke za ki sauka ƙasa, ni in hau in taka. In ga ko kin iya yi wa tsoho tsawa."

Na ce, "Kawu, ai na daɗe ina jiran wannan ranar."

Ranar Alhamis ya rasu. Inna Ladi ta ce da safe sai da ya leƙa ƙarƙashin motocin biyu, ya shigo ya ce lafiya suka kwana.

Allah ya jiƙan Kawu Iro, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa. Allah ya saka masa da alheri kan tsoron da ya ji mini na hanyar da bai taɓa bari na bi ni kaɗai ba.

Bayan an share makoki, Inna Ladi ta kira ni ɗaki. Ta ciro makullin daga aljihun rigarsa ta damƙa mini. Yana cikin jakata yanzu. Motar tana nan a gindin darbejiya kusa da Nagge, ƙafar gaba a cire, sifanar tana inda ya ajiye ta. Na san abin da zan yi in na sauka ƙasa. Ban dai nemi wanda zai taka mini ba tukuna.