Kujerar Dalma a Shagon Ramalan

Ramalan ya dawo Zangon Wagadugu daga Abijan shekarar da rikici ya tashi a can, da jaka ɗaya da tsari cike da kai. Ya daɗe a masana'antar haɗa rediyo, inda kaya ke bin layi daga hannu zuwa hannu. Mutum ne mai son tsari har ya yi yawa. Ko tuwo aka ajiye masa, sai ya gyara wa kwanon zama kafin ya sa hannu.

Ya kama shago ya kafa dogon tebur. Kayan rediyo na zuwa daga Lome a wargaje cikin kwali. Na farko ya jera ƙananan kaya a allo, na biyu ya liƙe su da dalma, na uku ya ɗaura lasifika, na ƙarshe ya sa pil, wato batir, ya saurara. Wadda ta ƙi magana, a mayar wa mai laifi. Dalma da safe kafin a ɗauke wuta, ɗaurin kusoshi da rana. Haka ake yi a Abijan.

Sai dai a Abijan ba surukinsa ne a kujerar dalma ba. Baba Dodo, mahaifin matarsa Hadizatu, Babarbare ne, tsohon mai gyaran rediyo da Zango duka ta sani. Ba wanda ya kira shi. Ranar buɗe shago ya zo da kujerarsa ya zauna, shi ke nan ya kama aiki. Ramalan kuwa ko sunansa ba ya iya faɗa, balle ya haɗa ido da shi.

Rediyoyi suka fara fitowa bebaye. Harisu mai saurare, sa'an ɗan Baba ne, ina zai iya miƙa wa dattijo aiki ya ce ya sake? Sai ya riƙa tura su ƙarƙashin tebur, har wurin sa ƙafa ya ƙare. Ɗan kasuwar unguwar Pissy da ke sayen kayan ya ce in na kafin azumi suka zo haka, kowa ya kama gabansa. Shago zai mutu ke nan, ko kuma Ramalan ya kunyata uban matarsa.

Ya juya layin nan iya juyawa. Ya kai Baba bakin ƙofa inda haske yake. Ya raba aikin dalma biyu, Baba ya ce shi ba ya son mai taya shi. Ya roƙi Hadizatu ta yi masa magana, ta ce, "Ni? Kai da ka yi Abijan?"

Daga nan dabara ta faɗo masa. Ya ɗauko Boukari, Bafillace mai gyaran agogo, ya ɗora shi a kujerar ƙarshe. Tsakanin Fulani da Barebari ai ba kunya, wasa ne har kabari. Tun ƙuruciya Boukari ba ya wuce Baba sai ya ce, "Makahon Barebari, yau ma ka ga hanya?" Wanda ya saba faɗin haka, me zai hana shi mayar da rediyo? Ramalan ya ji daɗin kansa ƙwarai.

Boukari ya buɗe bebiya ta farko, ya daɗe yana kallon allon. Dalmar ta sauka gefen wayar, ba a kanta ba. Ta biyu ma haka. Ya jawo ƙarfen dalma ya gyara da kansa, a ɓoye bayan kwali. Rediyoyi suka yi magana, amma layi ya tsaya cik, kaya suka taru a gabansa. Da safe kuma sai ya ce, "Ina kwana, Malam Dodo, ya jiki?"

Ana haka, wata Laraba bayan la'asar, Baba ya zare ƙarfensa daga wuta, ya naɗe wayar a hankali, ya ɗauki kujerarsa. Ramalan ya miƙe, kansa a ƙasa.

"Baba, lafiya?"

"Lafiya lau. Sa wani a nan."

"Wani ya faɗi wata magana ne?"

"Ba wanda ya faɗi komai." Ya juya wajen da yake jin motsin Boukari. "Bafillacen nan tun muna samari yake kirana makaho. Mako guda ke nan yana gaishe ni da ladabi."

Ramalan ya ji abin har cikin ransa. Boukari ya tashi ya karɓi kujerar daga hannun Baba, ya kama shi a gwiwar hannu, suka tsallake kwatar bakin shago tare.