Ranar da na gyara agogon surukina

Shekarun baya, ina amarya wata biyu a gidan su mijina a Roni, na yi wani karambani da har yau in na tuna sai gabana ya faɗi.

A falon surukina akwai ƙaton agogon bango da ya zo da shi daga aikin hajji. Bakinsa ruwan zinare, Ka'aba a tsakiya, rubutun Larabci ya kewaye shi kamar aikin wuyan babbar riga. Duk baƙon da ya shigo sai ya ɗaga kai ya ce masha Allah, ya san gidan Alhaji ya shigo.

Ranar ƙaramar Sallah, maza sun tafi idi, uwar mijina ta sa ni share falon kafin masu gaisuwa su zo. Na duba agogo ya nuna goma, alhali takwas ne. Ni kuwa 'yar boko sarkin iyayi, na ce ai abin kunya ne baƙi su ga haka. Na taka kujera, na murɗa shi ya koma daidai.

Da uwar mijina ta leƙo, sai ta dafe ƙirji.

"Ke kika taɓa shi?"

"Inna, gaba yake da awa biyu."

"Lokacin Makka ne, 'yar nan. Ko ni ban taɓa kai masa hannu ba."

Na zabura zan mayar, sai ga sallamar Baba surukina, mutane a bayansa. Na durƙusa bakin ƙofa. Ya zauna, ya ɗaga kai, ya daɗe yana kallon bango. Wallahi na riga na hango kaina a kan acaɓa, an mai da ni gidanmu Kazaure.

"Wa ya gyara?"

"Ni ce, Baba."

"Ƙanena ne ya saita shi da hannunsa a Makka," in ji shi a hankali. "Ni na dawo, shi a can aka binne shi."

Kuka ya ƙwace mini. "A gafarce ni, Baba, bari in mayar."

"Ko kin mayar, hannunki ne, ba nasa ba. Bar shi haka. Tashi ki kawo wa baƙi ruwa."

Bai sake tada zancen ba har Allah ya karɓi ransa, kuma da ya yi mini faɗa da ya fi mini sauƙi. Tun ranar ba na gyara abin da na tarar a gidan mutane sai na tambaya. Agogon yana nan a bangon, yana nuna lokaci daidai, ni kaɗai ce a gidan ba na iya ɗaga kai in duba shi.