Waken da Ya Ƙi Mutuwa

Da asubar ranar Laraba, Baba Mai Tiyo yana durƙushe gaban kabad ɗin ajin kimiyya, yana mayar da wani gwangwani ciki a hankali kamar mai kwantar da jariri. Ya share ƙasar da ta zube da gefen hannu, ya tura ƙofar, ya miƙe gwiwoyinsa na ƙara. Kwana goma sha biyu ke nan yana wannan aiki, kuma ba wanda ya sa shi.

Shi ne mai kula da shuke-shuken makarantar, shekara ashirin da shida. Shugabanni biyar ya gani. Kowa ya zo da jawabinsa ya tafi da abinsa, itatuwan Baba suna nan tsaye. Bai iya karatu ba, ba ya kuma doguwar magana. In ka gaishe shi, sai ya duba ƙafarka tukuna, ko ka taka masa ciyawa. Matarsa takan ce da an halicce ta fulawa, da ta ga gata a gidan nan.

A bana aka kawo sabuwar malamar kimiyya, yarinya sa'ar autarsa. Aikin gwaji aka ba ta, sai sufeto ya zo ya ga darasinta ranar Alhamis kafin a tabbatar da ita ko a sallame ta. Ta shuka wake a gwangwanayen madara uku don 'yan aji ɗaya su ga abin da tsiro ke buƙata. Na farko a taga, ana ba shi ruwa. Na biyu ana ba shi ruwa, amma a cikin kabad, cikin duhu. Na uku a taga, ba ruwa ko ɗigo, ta ma rubuta hakan a jikinsa da manyan baƙaƙe.

Baba ya leƙa taga ya ga na uku ya fara langaɓewa, ya girgiza kai. Yaran zamani, ga takarda ga rashin sani. Kullum in an tashi sai ya ɗiga masa ruwa daidai yadda ƙasar za ta bushe kafin safe, ya fito da na kabad ya sha rana, da asuba ya mayar da shi don kada yarinya ta ji kunya.

Da hantsin Larabar nan ya same ta zaune a baranda, gwangwanayen uku a gabanta, kore shar kamar 'yan uku, ta yi tagumi.

"Baba, waken nan ya ƙi mutuwa."

"Madalla."

"Wane irin madalla, Baba? Ya kamata na kabad ya ɗashe, na ukun ya bushe. Gobe me zan nuna wa sufeto?"

Baba ya ajiye bokiti. "Wato da gangan kike kashe shi da ƙishirwa?"

"Guda ɗaya ne kawai."

"Shi ɗayan me ya yi miki?"

Ta ɗago ta dube shi, ta dubi bokitin, ta sake dubansa.

"Ni ne," in ji shi.

"Wayyo Baba, ka kashe ni!"

"Ban kashe kowa ba, 'yata. Laifin nawa ke nan."

Shugaban makaranta ya ba da shawara a zuba wa biyun ruwan zafi, kowa ya huta. Malama ta ce ba ta koyar da ƙarya. Baba kuwa ya yi masa wani kallo, sai da shugaba ya tuna yana da aiki a ofis.

Ranar Alhamis sufeto ya zauna a bayan aji, biro a hannu, fuska ba annuri. Malama ta jera gwangwanaye, ta fara bayani. Ba ta kai ko'ina ba wata yarinya ta ɗaga hannu.

"Malama, ashe littafinmu ƙarya yake yi? Ga shi duk sun yi kyau."

Biron sufeto ya fara tafiya. Baba, da ke tsaye bakin taga tun ɗazu yana aske reshen da ya riga ya aske, ya sa kai ciki.

"Malama, fito mini da yaran."

Ya wuce gaba bai waiwaya ba, yara arba'in a bayansa, sai malama, sai sufeto da shugaba. Bayan sito akwai wani tsohon allo da aka yasar kan ciyawa tun watan jiya. Baba ya ɗaga shi. Ciyawar ƙarƙashin ta yi fari fat da ɗan rawaya, ta siranta ta kwanta, ta gefenta kuwa kore.

"Ga na duhu."

Ya ja su har ƙarshen layin fulawa, ya ja layi da ƙafa a ƙasa. Nan gefe ganye, can gefe ƙirare.

"Nan tiyona ke ƙarewa. Shekara uku ina roƙon a ƙaro mini taku goma."

Shugaba ya shiga kallon sama. Malama kuwa murya ta dawo. Ta tambayi yara me ciyawar allo ta rasa, me fulawar can ta rasa, me kuma ya ɓata gwajin aji. Suka yi ta rige-rigen amsa, duk yatsu suka nuna Baba.

Sufeto ya matso. "Dattijo, ka san sunan abin da ke sa ganye ya yi kore?"

"Tambayi Malama, ita ke da sunayen. Ranka ya daɗe, ɗaga ƙafarka, ka taka mini shuka."

Bayan mako biyu takarda ta zo, an tabbatar da malama. Tiyo dai har yau shiru. Ta sake shuka wakenta, ta sa wa kabad kwaɗo, ta sa Baba ya yi mata alkawari a gaban shaidu biyu ba zai ƙara taɓa shi ba.

Rannan aka gan shi ya ɗauko bokiti cike zai wuce ta gaban ajin kimiyya. Ya tsaya, ya yi tsaki, ya juya ya zagaya ta bayan banɗaki, hanyar da ta ninka waccan sau uku, ruwa na zuba masa a ƙafa.